Maganin firgici da motsa ido, akwai wanda ya taɓa gwadawa a cikinmu?

'Yar Madani:
Assalamu alaikum jama'ar zaure, don Allah ku yi haƙuri rubutun zai ɗan yi tsawo. Magana ce a kan autanmu, shekararsa 21 yanzu. Tun fitowarmu daga Madani a Disambar 2023 saboda yaƙin Sudan yaron nan bai koma daidai ba, a hanya aka sauke su daga mota a wani irtikaz, wato shingen masu bindiga, shi da abokinsa aka kwantar da su ƙasa da bindiga a ka, shi aka sake shi da magariba, abokin kuwa har yau ba labari. Mun iso Kassala jikinsa lau ko ƙwarzane babu, to amma barci ya ƙaurace masa, in ya samu ya runtsa sai ya zabura yana ihu ya jiƙe sharkaf da gumi, babur in ya wuce ta bayan gida sai ki ga ya ƙame wuri ɗaya, ƙofa in aka buga da ƙarfi ma haka. Yaron da da ba a jin kunne saboda surutunsa da hirar ƙwallo yanzu ko shayi ba ya zama ya sha cikin mutane. An yi rubutu, an yi ruƙiyya, an yi hayaƙi, Inna ta yi sadaka ba adadi, sai ya ɗan samu sauƙi kwana biyu abin ya sake dawowa. To jiya wata 'yar uwarmu ta turo min bidiyo wai akwai wani magani EMDR, mutum ya riƙa bin wani ɗigo da ido yana zuwa hagu da dama yana tuna abin da ya same shi, wai sai tsoron ya narke. Tambayata biyu ce, gaskiya ne ko irin kayan intanet ɗin nan ne, in kuma gaskiya ne zan iya kunna masa a waya in zauna kusa da shi mu yi a gida? Don wlh zuciyata ta gaji da ganinsa haka.

Hajiya Sinja:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya ba shi lafiya 'yata, Allah ya bayyana abokin nasa. Gidaje nawa ne ke cikin irin wannan an ja ƙofa an yi shiru.

Ɗan Damazin:
Yaya don girman Allah kar ki kunna masa. Ina kan raksha yanzu, bari in sauke fasinja in faɗa miki dalili

Ummu Salma Jidda:
Wa alaikissalam ƙanwata. Gaskiya ne, ni kaina an yi min shi nan Jidda, amma abin da aka yi min da wannan bidiyon da ke yawo sam ba hanyarsu ɗaya ba. Haɗari muka yi a hanyar Madina muna dawowa daga ziyara, ƙanwar maigidana ta cika a kan cinyata kafin motar asibiti ta iso. Kusan shekara guda ba na iya zama a kujerar baya, warin fetur kawai in na ji sai gabana ya riƙa dukan uku-uku hannuna na rawa, kuma kullum hoto ɗaya ne ke dawo min, idonta a buɗe tana kallona. Na yi ta zarya ana auna zuciyata ana cewa lafiya lau har wata likita ta tura ni wajen daktar nafsiyya, wato likitar ƙwaƙwalwa da damuwa.

Zama tara muka yi. Ukun farko ko yatsa ba ta ɗaga min ba, tambaya ce kawai, yaya barcinki, wa kike da shi a gida, kina shan wani magani, kin taɓa farfaɗiya, sannan ta koya min yadda zan kwantar da kaina in abin ya taso. Tace in zaɓi wani wuri da raina ke natsuwa in na tuna shi, ni na zaɓi tsakar gidan kakata a Mai Wurno da hantsi ana shanya kuɓewa. Sai da ta ga ina iya zuwa can a raina numfashina ya daidaita sannan muka taɓa ranar haɗarin. Tace in ɗauko hoton da ya fi ci min rai, wace magana kike faɗa wa kanki in kin gan shi, nace "ni na kashe ta" don ni nace mu musanya wurin zama. Daga sifili zuwa 10 zafin nawa ne, nace 10. A ina kike jin shi a jiki, nace maƙogwaro. Sai ta ɗaga yatsu biyu tana kai su hagu da dama ni ina bi da ido kaina bai motsa ba, kamar rabin minti ta tsaya, ja numfashi, me ya zo miki, in faɗa a taƙaice tace to bi shi, mu sake, haka haka har kusan awa ɗaya da rabi. Na yi kuka kamar raina zai fita, na koma gida a gajiye liƙis kamar wadda ta wuni tana daka, satin nan kuma mafarkai sun yi min yawa. Wajen zama na shida hoton ya fara yin nisa, sai wani abu da na manta ya dawo, ashe ina ta laƙana mata kalmar shahada kuma ta amsa, wlh shekara guda wannan bai taɓa zuwa min ba sai idon kawai. Ban manta ta ba, har yau in na tuna ina hawaye, amma yanzu tunawa nake yi, da kuwa ji nake ina cikin motar. Kuɗi kam ya ci, sai da na sayar da awarwarona.

Ɗan Damazin:
To Yaya kin ji ta bakin Ummu Salma. Ni abin da na gani a rikicin Rusairis a Yulin 2022 ba zan rubuta shi nan ba, waɗanda suke can sun sani. Bara na ga irin bidiyon nan nace bari in taimaki kaina, da dare kowa ya kwanta na kunna na fara tuna ranar ina bin ƙwallon da ido, ban yi minti uku ba warin hayaƙi ya cika min hanci alhali ba abin da ke ƙonewa a gidan, numfashi ya tsaya min, sai samun kaina na yi a waje ba takalmi. Kwana huɗu ban yi barci ba ban fita aiki ba. Bidiyon bai san ka fara shaƙewa ba, tafiya kawai yake yi, ba mai ce maka tsaya ja numfashi. Na buɗe ƙofar ban san yadda ake rufewa ba.

Kawu Gadarif:
Ni fa ina mamakin yaran yanzu. Kakanninmu bayan yaƙin Burmi da Turawa a 1903 da ƙafa suka ratso ƙasa da ƙasa har bakin Nilu, sun binne 'ya'ya a hanya, sun ga abin da ya fi wannan, wa ya kaɗa musu yatsa a ido? Alƙur'ani da haƙuri suka riƙe. Yaro namiji a ce babur na firgita shi, ku sama masa aiki a kasuwa ko gona ya gaji ya yi barci, ya lizimci jam'i da azkar. Wannan kallon yatsa ni ya fi min kama da rufa-ido, kar a je neman magani a ɗebo abin da ya fi ciwon.

'Yar Madani:
Kawu ku yi haƙuri, wlh ba ya fashin jam'i, asuba ma shi ke tada mu don idonsa biyu. Aiki kuma ya gwada wajen masu lodin albasa, kwana uku tayar mota ta fashe kusa da shi aka kawo mana shi jiki na ɓari.

Hajiya Sinja:
Alhaji, su kakannin namu ma ba mu san abin da suke gani a barcinsu ba. Ni na tashi na tarar da tsohuwa a gidanmu da ba ta iya jin ƙarar ganga sai ta shige ɗaki ta toshe kunne, har ta rasu ana cewa iska ce.

Malam Mai Wurno:
Bismillah. Alhaji maganarku a kan azkar da salla haka take ba ja, amma neman magani ba ya rage wa mutum tawakkali, Manzon Allah (SAW) ya ce mu nemi magani don Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Annabi Yaƙubu idanunsa sun yi fari saboda baƙin cikin Yusuf, shi kuwa annabi ne ɗan annabi, ba wanda ya ce imaninsa ya yi rauni. Nana Aisha in an yi rasuwa takan sa a dafa talbina a ba masu makoki saboda Annabi ya ce tana sanyaya zuciyar mara lafiya tana tafiya da wani sashe na baƙin ciki, kun ga ke nan an yarda baƙin ciki abu ne da ake yi wa jinya. Abin da ni zan tambaya a kan wannan na ido shi ne, ana kiran wani abu ko karanta wasu kalmomi da ba a san ma'anarsu ba? Hankalin mutum yana gushewa ya zama a hannun mai yi masa? In babu waɗannan to sababi ne kamar allura da ɗorin karaya, a haɗa shi da ruƙiyya ba su cin karo.

Ummu Salma Jidda:
Malam babu ko ɗaya. Idona biyu, na san inda nake, tun farko ma mun yi alama da ita in na ɗaga hannu ta tsaya, kuma na ɗaga sau da yawa ta tsaya. Da bismilla nake shiga in fito in yi sallata.

Anti Bortsudan:
Slm, yanzu na samu shabakar intanet na karanta duka. Ni ilimin nafs na karanta kuma ina aiki da 'yan gudun hijira a makarantun da aka mayar masauki, amma in faɗa tun farko ba ni da horon EMDR, don haka ba na yi wa kowa, abin da na sani kawai zan faɗa.

Wata Ba'amurkiya ce Francine Shapiro ta fara shi a 1987, tana tafiya a lambu ta lura in idonta na kai-komo da sauri tunanin da ke damunta yana rage nauyi, a 1989 ta fitar da bincikenta na farko a kan mutum 22, cikinsu da sojojin da suka dawo daga yaƙin Biyetnam da waɗanda aka ci zarafinsu. Daga nan aka yi ta gwaji a ƙasashe har a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin hanyoyi biyu da ta ba da shawara a bi wajen jinyar firgicin da ke biyo bayan mummunan abu, ɗayar ita ce jinyar zama da magana da ake fuskantar abin da ya faru a gyara tunani a kansa. Matakai takwas ne, motsa idon sai a na huɗu ake fara shi, shi ya sa Ummu Salma ta yi zama uku ba a ɗaga mata yatsa ba. Bidiyon nan ya yanko na huɗun ne ya zubar da sauran, abin da ya samu ɗan'uwanmu na Damazin ke nan.

Abin da autanku ke ciki ba hauka ba ne kuma ba ragwanta ba ne Kawu, ku gafarce ni. Yawancin abin da ke faruwa da mu ƙwaƙwalwa na ninke shi ta ajiye a inda ake ajiye abin da ya wuce. Amma in tsoro ya kai maƙura sai ranar ta zauna ɗanya da ƙararta da warinta, kamar ƙullin kayan hijira da aka jibge a tsakar ɗaki ba a kwance ba, duk inda ka juya sai ka yi tuntuɓe da shi. Jikinsa bai samu labarin cewa an sake shi daga irtikaz ɗin ba, babur na wucewa sai jiki yace ga su nan. Mutane da yawa abin na lafawa da kansa cikin makonni, in ya wuce wata yana hana barci da aiki to ya zama ciwon da ke son jinya, shi kuwa nasa ya haura shekara. Kuma ba shi kaɗai ba ne, ƙiyasin Hukumar Lafiya na 2019 ya ce a wuraren yaƙi kusan mutum ɗaya cikin biyar na fama da wata matsala ta ƙwaƙwalwa ko damuwa.

Abu Yasir Riyad:
Anti ina da ja a nan. Ni na ɗan bi maganar nan kwanaki, kuma su kansu masana ba su haɗu a kan cewa idon ne ke aikin ba. An yi gwaji an cire motsa idon an bar sauran kuma mutane sun samu sauƙi, har masu suka ke cewa abin da ke aiki a cikinsa ba sabo ba ne, sabon da ke cikinsa kuma ba shi ke aiki ba. Ya'ani zama da mutumin da ka yarda da shi ka fuskanci abin da kake gudu a hankali, shi ne maganin. To me zai sa talaka ya sayar da awarwaro saboda yatsa? Ni abin da ke ba ni haushi yadda ake tallarsa kamar sha yanzu magani yanzu.

Anti Bortsudan:
Jan naka a kan hanya yake, muhawarar tana nan har yau. Wani nazari da ya tattara gwaje-gwaje a 2001 bai ga ƙarin da idon ke yi ba, wani a 2013 ya ga yana ƙarawa. Bayanin da masu bincike a Holan suka fi ƙarfafawa shi ne ƙwaƙwalwa ba ta iya riƙe abu biyu masu nauyi lokaci ɗaya, in kana riƙe da hoton kuma kana aikin bin yatsa sai hoton ya dusashe zafinsa ya ragu, in ya koma ma'ajiya a dusashen yake komawa. Ku gwada da abin da ba ya cutarwa, ku kawo dutsen Totil na Kassala a ranku da kyau sannan ku fara ƙirga daga 100 kuna cire bakwai-bakwai, ku ga ko dutsen zai tsaya yadda yake. Shi ya sa ma ba dole sai ido ba, ana yi da ɗan bubbuga gwiwa hagu da dama ko sauti a kunne. Inda na yarda da kai ɗari bisa ɗari shi ne bai fi waccan jinyar ta magana ba, kusan kunnen doki suke, duk wadda aka samu ƙwararre a kanta a kusa ita ce mai kyau. Inda ban yarda ba shi ne a ce tunda ana gardamar dalili to ba ya aiki, sakamakon a kan firgici an gan shi sau da yawa.

Abu Yasir Riyad:
Tamam, a kan wannan ba mu saɓa ba. Amma mai cewa zama ɗaya kalas ka warke fa?

Anti Bortsudan:
A guje shi. Ƙa'idar da ake bi a Ingila zama 8 zuwa 12 ne, wanda abubuwa suka taru masa kuma ya fi haka.

Hajiya Sinja:
Na gwada na dutsen, ina kaiwa 86 ya ɓace min. Ikon Allah.

Direba Makka:
Don Allah ni ma a duba tawa. Ni ban ga yaƙi ba amma iƙamata ta kusa ƙarewa, ga haya, ga mutum goma sha a Sinnar duk ni suke jira in tura kuɗi ta manhajar Bankak, dare in ya yi ƙirjina kamar an ɗora dutse. Wannan na idon zai yi min?

Anti Bortsudan:
Yaya naka daban ne. Ƙarfin hujjar EMDR a kan abin da ya riga ya faru ne ya ƙi wucewa, a kan damuwar yau da gobe ana gwada shi amma hujjar ba ta kai can ba, kai kuma abin da ke danne ka yana gabanka ne ba a baya ba. Ka fara zuwa a auna hawan jini da zuciya tunda kace ƙirji, in lafiya lau ne ka nemi mai ba da shawara ta nafsiyya, can wajenku ana kiran 937 na ma'aikatar lafiya a yi tambaya. Kuma ka zauna da 'yan uwa a raba nauyin nan, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Admin:
Wata 'yar uwa ta turo min ta gefe tace in sa ba suna, kuma don Allah kar wanda ya tambaye ni ko wace ce. Ga saƙonta: "Ni abin da aka yi min lokacin da aka shigo unguwarmu ko mahaifiyata ban faɗa wa ba kuma ba zan iya furta shi da bakina ba har abada. In na je wajen wannan maganin dole sai na ba da labari?"

Anti Bortsudan:
'Yar uwata, ko wace ce ke, ba ki da laifi ko na ƙwayar zarra, laifin na wanda ya aikata ne. Amsar tambayarki a'a. Wannan na cikin abin da ya bambanta EMDR, Hukumar Lafiya ma ta ambata shi, ba a buƙatar ki zayyana abin da ya faru dalla-dalla. Kina iya cewa "ranar nan" kawai, hoton yana cikin ranki ke kaɗai, ita abin da take tambaya nawa ne zafin, a ina kike jin shi, ya canza ko bai canza ba. Kina da haƙƙin ki ce mace kike so. Kuma in ba a duba jikinki ba tun lokacin ki daure ki ga likitar mata ko ungozoma, ita ma ba sai kin yi dogon bayani ba. Ki ce Admin ta ba ki lambata, ba sai kin faɗa min sunanki ba.

Ummu Salma Jidda:
Haka ne wlh, akwai abubuwan da suka zo min a zaman da ban faɗa mata ba, nace kawai "wani abu ya zo" tace bi shi. Allah ya saka miki 'yar uwa, ina miki addu'a a Harami in sha Allah.

Malam Mai Wurno:
Amin. Wanda aka tilasta babu zunubi a kansa, mutuncinki a wajen Allah bai ragu da komai ba 'yata.

'Yar Madani:
Na yi kuka da na karanta wannan. Na fasa kunna bidiyon. To amma Anti a Kassala ina zan samu mai yin wannan, kuma shi da ya ji an ce daktan nafsiyya zai ce mun mayar da shi ɗan asibitin ƙwaƙwalwa na Tijani Almahi. Kafin a samu me zan yi masa?

Anti Bortsudan:
Abin baƙin ciki ne yadda sunan nan ya zama abin gori, kamar yadda mutanen Saudiyya ke yi da asibitin Shihar na Ɗa'if, alhali Tijani Almahi babban likita ne da ake ƙirgawa cikin iyayen wannan fanni a Afirka kuma bai taɓa raina shehunai da masu ruƙiyya ba. Kar ki ce masa likitan ƙwaƙwalwa, ki ce za mu ga wanda zai taimaka a kan barcin nan, don shi ma barcin yake nema.

Masu horon EMDR a ƙasar nan kaɗan ne tun kafin yaƙi, da yawa kuma sun fita. Ki tambaya a sashen nafsiyya na asibiti da ƙungiyoyin da ke aiki a masaukai, ko ba EMDR akwai masu horon tallafin nafsiyya kuma yana taimakawa sosai. Ana yin sa ta bidiyo da likitocinmu da ke Masar da Saudiyya, amma sai shabaka mai ƙarfi da ɗaki shi kaɗai da wani babba a gida, don in layi ya yanke yana tsakiyar abin an bar shi a rataye. Duk wanda kuka samu ki tambaye shi a ina ya yi horo, wa ke duba aikinsa, zama nawa zai yi kafin a fara idon. Kuma ku tuna musayyarat, wato jirage marasa matuƙi, sun faɗo Kassala da Bortsudan a Mayun 2025, wani tsoron nasa na gaskiya ne, mai jinya na kirki zai fara da natsar da shi ne ba tono ba.

A gida kar ki matsa masa ya ba da labari, kar kuma ki toshe shi in ya fara. Jabana, wato gahawa, da shayi mai ƙarfi a daina bayan la'asar, bidiyoyin yaƙi da ake turawa a rage, ya samu ɗan aiki mara hayaniya da tafiyar ƙafa kullum, a nan maganar Kawu tana da amfani. Kar a sayo masa ƙwayar barci ba likita, ana sabawa da ita kuma ba ta taɓa tushen ciwon. In ya zabura da dare ki kira sunansa a hankali kice kana Kassala, ga Inna, yau kaza ga wata, ki ba shi ruwa mai sanyi ya riƙe. Akwai kuma wanda ake kira rungumar malam-buɗe-littafi, an fara shi a Meziko da waɗanda guguwar 1997 ta afka wa, mutum ya gicciya hannuwa a ƙirji yana ɗan bubbuga kafaɗa hagu dama a hankali yana jan numfashi, ya yi shi yana tuna wuri mai daɗi, ba ranar irtikaz ba. Na ƙarshe mai nauyi ne amma dole, ki tambaye shi kai tsaye ko yana jin gara ya mutu, tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, in yace eh kar a bar shi shi kaɗai kuma a kai shi asibiti a ranar.

'Yar Madani:
Slm jama'a na dawo, kwana uku ke nan. Shekaranjiya da yamma na ja shi muka taka har bakin kogin Gash muka zauna, ban tambaye shi komai ba sai nace wata a Jidda ta shekara tana cewa ita ta kashe ƙanwar mijinta don sun musanya wurin zama. Ya yi shiru har na zaci bai ji ba, can sai yace Yaya ni na ce masa ya bar motarsu ya shigo tamu. Wlh tun 2023 ban taɓa jin wannan ba. Yace lambar mahaifiyar yaron na cikin wayarsa kullum sai ya buɗe ya kalla ya kasa kira. Na yi masa tambayar nan mai nauyi yace a'a, barci kawai yake so. Ya yarda zai ga wani amma namiji, kuma kar a faɗa wa abokansa. Anti na turo miki saƙo.

Anti Bortsudan:
Na gani, zan kira ki bayan isha. Maganar abokin kuma ku kai sunansa ofishin ƙungiyar agaji ta Hilal Ahmar, suna da sashen neman waɗanda suka ɓace tare da ƙungiyar Red Cross ta duniya.

Kawu Gadarif:
'Yata ban san abin ya kai haka ba, ki gaishe min da shi kice Kawu na masa addu'a. Shi yaron da ya ɓace ɗan wace unguwa ne a Madani, kuma a wace hanya aka sauke su? Ki turo min ta gefe da sunan mahaifinsa, ina da direbobin da ke bin hanyar Fao kullum, gobe da safe zan fara tambaya.